Kalar da Aka Goge da Kananzir

Zuwa ga yayana, Hamma Sali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda Allah ya ajiye ka. Dada, mahaifiyarmu, tana nan da sauƙi, sai ciwon ƙafa da ba ya barin ta. Baffa da mutanen gidansa duk suna lafiya. Ni ce ƙanwarka Habiba, wadda kake kira Biba. Ka bar ni ina 'yar shekara shida, yanzu ina cikin ta goma sha bakwai.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Bara na gama firamare, don sai da muka daɗe a Yola kafin a sa ni makaranta, kuma ni ce babba a ajinmu har yara suna kirana Anti. A littafin makaranta nake rubuta wannan. Adda Zainabu 'yar Baffa ce za ta kwafa a waya ta sa a shafinta, ta ce wataƙila wani da ya san ka zai gani. Ina jin kunyar mutanen da za su karanta, ni da ko gaisuwa ce a gaban baƙi sai muryata ta maƙale. Don haka zan yi kamar babu kowa sai kai. Ban sa sunan Baba ba, ban kuma faɗi layinmu ba.

Muna Makama yanzu, cikin garin Yola, a ɗakin baya na gidan Baffa, kusa da bishiyar dalbejiya. Tun ranar da muka fito daga Mubi ba mu koma ba. Mutane da yawa sun koma, wasu har sun sake gini. Dada ta ce ita ba za ta iya wucewa ta gaban rumfarka ta ga wani yana sayar da kaya a ciki ba.

Abin da nake tunawa game da kai ba shi da yawa, kuma kullum raguwa yake yi. Ina tuna rumfar kwano a bakin titi, da allunan da ka jingina a jikinta suna shan iska. Tun rasuwar Baba da su kake riƙe da mu. Kana zana wa masu aski kawunan mutane, kowane kai da irin askinsa, kana rubuta wa masu shaguna sunayensu da manyan baƙaƙe. Ina tuna warin rigarka, fenti da kananzir da zufa.

Wurin zamana bokiti ne da ka kifa mini kusa da benci. Aikina guda ɗaya, miƙa hannu. Idan za ka haɗa kalar fatar mutum, sai ka zuba rawaya a murfin bokiti, ka ɗiga ja har ta koma ruwan goro, sannan ka taɓo shuɗi da bakin tsinke kawai ka yi ta juyawa. Kana cewa daga mai haske ake farawa, don kala in ta yi duhu ba ta dawowa. In ta kusa sai ka ce, "Biba, kawo allon gwaji." In miƙa maka bayan hannuna ka shafa. Idan fentin ya ɓace a fatata har ba a gane inda ya fara, to ya yi. Kana tsokanata wai duk kawunan da ke shagunan aski na Mubi 'yan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, har da mai sanƙo.

Da yamma Dada za ta kama hannuna tana dirza da tsumma, tana faɗa: "Kai, kullum sai ka mayar mini da yarinya zabuwa?" Kai kuma kana can kana cin tuwo kamar ba da kai ake ba.

Kana da gwangwanin baƙi, amma na rubutu ne kaɗai. Ban taɓa ganin ka sa shi a fatar mutum ba. Ka ce baƙi kashe kala yake yi, mutum ya fito kamar wanda aka ciro daga murhu. In ana son duhu, shuɗi ake ƙarawa.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, ka fita da safe a kan keke, gwangwanaye cikin kwali a baya. Za ka yi wa wani mai shagon magani rubutu a can ƙetaren gada. Ko sallama ban yi maka ba, ina shan koko. Kafin hantsi an fara harbi. Dada ta tsaya a bakin ƙofa tana duban hanya har sai da maƙwabta suka ja ta da ƙarfi. Sauran tafiyar ba na son rubuta ta. Ban san kwana nawa muka yi a ƙafa ba, na dai san takalmina ɗaya ya ɓace tun ranar farko kuma na riƙe ɗayan har Yola.

Ba mu fito da hoto ko ɗaya ba. Wayar Dada ta faɗa ruwa a wani rafi da muka ƙetare. Masu neman waɗanda suka ɓace sun zo Jimeta ba sau ɗaya ba, an je an ba da sunanka, kuma kullum tambayarsu ta farko ita ce hoto. Ka cika gari da fuskokin mutanen da ba a taɓa haifa ba, Hamma, amma taka babu ita a ko'ina.

Farkon watan nan Baffa ya kira Dada. Ya ce shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce, ya kuma yi magana da malamai. A tara mutane a yi maka addu'a, a raba sadaka kamar yadda ake yi wa wanda ya rasu, kowa ya samu hutun zuciya. Ya sa Juma'ar ƙarshen wata. Kada ka ɗauke shi mugu. Shi ya ciyar da mu duk shekarun nan, kuma yana ganin yadda Dada ke miƙewa da ƙafarta mai ciwo duk lokacin da aka buga ƙofar gida. Na ji yana ce wa matarsa, "Matar nan a tsaye take ƙarewa." Dada ba ta ce masa eh ba, ba ta kuma ce a'a ba. Ta ce a ba ta lokaci.

Ana cikin haka sai wata maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa a kasuwar Jimeta ta kawo labari. Akwai wata mata a Rumde da ta fito daga daji bayan ta yi shekaru a hannun mutanen nan, tana zaune gidan 'yar'uwarta. Matar ta ce a inda aka tsare su akwai wani da ake kira Mai Fenti, ɗan Mubi, shi ke yi musu rubutu a jikin motoci da bango. Ba ta san sunansa na gaskiya ba. Ba ya magana da kowa.

Baffa ya ce kada wanda ya je. Ya ce, "In shi ne, me za mu gaya wa mutanen unguwa? Gara mu tsaya a kan ya rasu a kan tsaninsa na fenti yana neman halalinsa." Ni ina bayan labule ina jin su. Abin da ya tsaya mini a rai wani abu ne daban. Na ce idan kai ne, to shekara da shekaru ke nan da baƙi da fari kaɗai, kalar tutarsu, kake aiki. Na kasa cin abincin rana saboda wannan.

Dada ta je duk da haka, ta ce wa Baffa asibiti za ta. Ta yi wa matar kwatancenka, matar ta ce kwatance ba ya taimakon ta, amma in ta ga fuska za ta gane. Kuma ranar Laraba mai zuwa ɗan'uwanta zai zo ya tafi da ita ƙauyensu. Ranar Alhamis ce Dada ta je.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ina zane. Da fensir, a bayan littattafai, ba wanda ya taɓa gani sai Adda Zainabu. Fenti kam ban sake taɓawa ba tun Mubi. Da Dada ta dawo ta zauna tana matsa ƙafarta, na tsuguna kusa da ita na ce zan zana ka a kai wa matar. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ɓingel am, 'yata, kin tuna shi?" Na ce na tuna. Rabin maganar ƙarya ce, Allah ya yafe mini.

Akwai wani tsoho mai rubuta alluna a Demsawo, Baba Yohanna, kusa da inda Adda ke koyon ɗinki. Ranar Juma'a na bi ta. Na tsaya a ɗaya gefen titi na kasa ƙetarawa, har sai da ya ɗago ya ce, "Kai yarinya, ka zo saye ne ko an ɗauke ka gadi?" Adda ce ta ja ni ta yi masa bayani, ni ina kallon ƙasa. Da ya ji sai ya daina wasa. Ya shiga ciki ya fito da guntun falanki da aka riga aka shafa wa fari, da buroshi biyu, da ragowar fenti a gindin gwangwanaye huɗu, da kananzir a 'yar kwalba. Ya ce shi ma yana da wanda ba a gani ba. Sannan ya ce, "Fuska a ido yake, ba a kala ba. Ka gyara ido, sauran mai kallo zai cika." Na gode masa. Amma na san da kana wurin da kun yi gardama.

Ranar Asabar na yi zanen da fensir, Dada tana zaune gefena tana gyara ni. Ta ce hancin ya yi tsawo, na rage. Ta ce kunnuwanka sun ɗan buɗe kamar na Baba, na buɗa su. Ta tuna mini da tabon saman girarka na hagu, wanda ka samu da kuka yi karo da akuya kana koyon keke. Na sa ka kana murmushi don wushiryarka ta fito. Wannan ɓangaren bai wahalar da ni sosai ba, fensir ana goge shi.

Ranar Lahadi na jira Baffa ya fita, na shimfiɗa buhu a gindin dalbejiya na buɗe gwangwanayen. Warin ya bugi hancina, sai da na ɗan zauna kafin in fara. Na zuba rawaya kamar yadda kake yi, na ɗiga ja, na taɓo shuɗi. Da ta fara zama kalar mutum sai na ɗago kai, ina neman hannun da zan gwada a kai. A lokacin na gane abin da ban yi tunaninsa ba tun farko.

Na shiga tambaya. Dada ta ce wankan tarwaɗa ne kai, amma fuskarka ta fi jikinka duhu saboda aikin rana. Adda, da ta gan ka sau ɗaya da kuka zo Yola yawon Sallah, ta rantse kai fari ne. Mai daddawa, da ba ta taɓa ganin ka ba, ta ce ai 'yan Mubi duk baƙaƙe ne. Na rufe ido na nemi hannunka, don shi na fi sani a jikinka. Na gan shi sarai, da yatsun da faratan. Sai dai ban taɓa ganin sa babu fenti ba. Kore a nan, ja a can, fari a tsakanin yatsu. Na san kalar duk abin da ka taɓa, taka ce ban sani ba.

Sai na koma gwaji a bayan hannuna, in je in nuna wa Dada. Fentin ba shi da yawa, don haka kaɗan-kaɗan nake haɗawa, abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta farko ta yi ja kamar bulo. Ta biyu shuɗi ya yi yawa, ta koma kamar ruwan kwata. Wata ta fito kamar shayi mai madara. Dada takan kalla, ta girgiza kai, ta mayar da idonta kan aikinta. Har yamma ina kai da kawowa tsakanin bishiya da ɗaki. Wata ta kusa, in ji ta, amma babu rai a cikinta. Ban san yadda ake ɗiga rai ba.

Ranar Litinin na goge hannuna na yi Azahar, na koma gindin bishiya a gajiye. Ban ma wanke buroshin ba, akwai ragowar na jiya a jikinsa. Na taɓo nan, na taɓo can, hankalina ba ya wurin. Ina jin na sa ɗan fari, ban tabbata ba. Na shafa a hannu na shiga ɗaki don kawai in cika al'ada.

Dada tana tsintar shinkafa a faifai. Ta ɗago ta kalla, sai faifan ya karkace shinkafa ta fara zuba a tabarma, ba ta ko duba ba. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni bakin ƙofa wurin haske. Ta kai babban yatsanta kusa da fentin amma ba ta taɓa ba. Sai ta ce, "Sali."

Ka san Dada. Kai ne ɗan farinta, ba ta kiran sunanka. "Yayanki" take cewa, ko "mai fentin nan". Ko wurin masu neman ɓatattu, Baffa ne ke faɗin sunan, ita tana gyaɗa kai. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar nan. Ta riƙe hannuna ta daɗe, ni kuma na tsaya kamar an dasa ni, ina tsoron ko numfashi ya ɓata wani abu.

Da ta sake ni na ruga gindin bishiya. Abin da ya rage a murfin bai kai faɗin farce ba, kuma zafin Yola ya riga ya sa ya yi fata a sama. A nan wata maganarka ta dawo mini, wadda na manta shekara goma sha ɗaya, ta zo bayan ta daina amfani. Kana faɗa mini ita kamar ni ce zan gaji rumfar: "Haɗa da yawa tun farko, Biba. In ta ƙare miki a tsakiyar fuska, ba za ki sake samun irinta ba."

Ban ƙirga ɗigo ba. Ban san me na fara sawa ba. Na zauna ina haɗa wata ina shafawa kusa da ita a hannuna don in kwatanta. Wannan ta fi ta ja. Wannan ta fi ta haske. Wannan kamar ita, amma da na matsa cikin inuwa sai suka rabu. Na danna bayan hannuna a jikin falankin ko za ta kama, ba abin da ya fito sai ɗan datti. Adda ta tafi ɗinki da wayarta, ba za ta dawo ba sai Magariba, balle a ɗauki hoto. Rawaya tana ta raguwa.

Aka kira La'asar. Ban tashi ba.

Ba sai na gaya maka ba, fentin mai ba ya barin ruwa ya taɓa fata, alwala ba ta yiwuwa a kansa. Kai ma kullum sai ka dirje da kananzir kafin ka tafi masallaci, har kana cewa liman ba ya buƙatar waiwaye, da hanci yake sanin ka shigo sahu. Na san wannan duka. Na zauna ina rufe wurin da ɗayan hannuna kamar wani zai ƙwace. Na yi tunanin in wanke ko'ina in zagaye shi. Na yi tunanin in jira Adda in rama sallar daga baya. Inuwar dalbejiya ta yi tsawo ta kai bangon makewayi, rana ta fara yin ja.

Dada ta fito tana jan ƙafa. Na zaci za ta ce in bar shi, don ita ta fi ni buƙatarsa. Ta tsaya a kaina ta ce, "Lokaci yana fita. Wanda za ki roƙa ya dawo da shi, shi ne ke kiran ki." Na kasa motsi. Sai ta sunkuya da kanta ta ɗauki kwalbar kananzir da tsumman, ta zauna a buhun, ta ɗora hannuna a cinyarta. Ita ta goge. A hankali ta yi, ba irin dirzar da take mini a Mubi ba, kuma fuskarta tana kallon bango har ta gama. Na yi alwala, na yi sallah. Ban san me na karanta ba.

Ranar Talata na shafa abin da na samu. Na haɗa duk sauran rawayar wuri ɗaya, wannan karon da yawa, na yi ta gyara har ta zo kusa da abin da idona ke tunawa. Ta ishi fuska amma ba ta kai wuya ba, sai na rufe wuyan da rigar shuɗi mai kwala, irin wadda ba ka taɓa sawa ba. Na bi shawarar Baba Yohanna na daɗe a kan idanu. Da na gama na kira Dada. Ta duba ta ce, "Ya yi kyau, sannu." Da irin muryar da take yaba abincin biki ta faɗa.

Jiya Laraba muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Rumde, allon naɗe cikin zanin Dada. Bai gama bushewa ba, zanin ya manne a kumatu ɗaya ya bar sawun zare. Mun samu matar zaune a tabarma, kayanta a ɗaure a gefe. Siririya ce ƙwarai, tana magana ƙasa-ƙasa kamar ni. Ta karɓi allon da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan ai yaro ne. Wanda na sani babban mutum ne, ga gemu, kansa kullum a naɗe."

Dada ta nuna mata tabon gira, ta ce naɗin yana rufe wurin. Ta nuna mata wushirya. Matar ta ce ita ba ta taɓa ganin haƙoransa ba.

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na tambaye ta kalarsa. Ta dube ni da tausayi ta ce, "'Yar'uwa, a can kowa kalarsa ɗaya ce. Rana da yunwa ne ke shafa ta." Ta ce rabonta da ganin sa damina biyu ke nan, an kwashe su zuwa wani wuri, ba ta sake jin labarinsa ba. Ta miƙo mini allon ta ce, "Ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Ina tsoron Allah." Ta roƙi Dada gafara kamar ita ta yi laifi.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina, da na kai mata ta ranar Litinin, da ta gane? Hankalina yana ce mini a'a, ai ta faɗa da bakinta, kuma yaro ɗan sha takwas na zana, ita kuwa mai kusan talatin ta gani. Amma wani wuri a cikina ya ƙi yarda. Yana ce mini sau ɗaya aka ba ni kai, a bayan hannuna, na haɗa ka kaɗan saboda tsoron kada fenti ya ƙare.

Muka hau keke muka koma Yola. Mun iske Baffa a tsakar gida, ya dawo da wuri. Zanin ya zame, ya ga allon. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗan fita ba izini da na zana hoton mutum a gidansa. Bai yi faɗa ba. Ya karɓa ya ɗaga shi wurin haske, ya ce, "Wa ya yi wannan? Hannun ya iya. Wane ne?" Ba gatse yake yi ba, Hamma, da gaske yake tambaya. Ya dubi Dada, ya dube ni, ya sake duban allon. Sai ya ajiye shi a hankali a jikin bango ya fita, ko hularsa bai ɗauka ba.

Dada ta wuce madafa wurin matar Baffa. Ina jin ta daga waje. Ta ce, "A jiƙa shinkafar masar."

Yau Alhamis. Ni aka aika inji da safe na kai niƙa, ƙullin yana nan a rufe cikin roba yana tashi. An aro tabarmi daga masallaci. Gobe bayan an sauko Juma'a malamai za su zo su zauna a ƙofar gida, a yi maka addu'a da sunanka da na Baba.

Hamma, idan kai ne Mai Fenti, ba zan tambaye ka abin da ka rubuta musu ba. Na san ba kai ka zaɓi kalar ba. Idan wani ne ke karanta maka wannan a waya, ka ce masa ya sake karanta wurin da Dada ta kira sunanka, don ban san ko za ta ƙara ba. Idan kuma ba ka taɓa ƙetare gadar nan ba tun ranar farko, to duk shekarun nan da wa nake magana in ina shara?

Ka yafe mini. Ban yi maka sallama ba, ban riƙe fuskarka da kyau ba, kuma gobe ni ce zan ɗauki faranti in bi gidajen layinmu da masar sadakarka. A kowane gida za a karɓa a ce, "Allah ya jiƙansa," ni kuma dole in amsa. Ɗazu na je bayan ɗaki inda ba kowa na gwada, don kada muryata ta maƙale a gaban mutane. Na zaci ba zai fito ba. Na ce amin, ya fito, bai ko tsaya mini a wuya ba. Tun ɗazu wannan nake wa kuka.

Ya Allah, idan yayana yana raye, ka ciyar da shi, ka rufa masa asiri, ka sassauta zukatan waɗanda ke riƙe da shi, ka nuna masa hanyar gida tun Dada tana iya miƙewa ta buɗe ƙofa. Idan kuma ka riga ka karɓe shi, ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da Baba. Ka ba Dada haƙurin da ni na kasa samu. Ka dubi duk gidan da ake jiran wani.

Ka huta lafiya, Hamma, a duk inda kake.

Ƙanwarka,
Biba
Makama, Yola